Fuskar Sarkin Rum

Magariba ta kawo jiki, unguwar Setapak da ke can ƙasar waje ta yi tsit, don dokar kullen korona ta tura kowa ɗaki. Walida na wanke shinkafa sai ta ji tsakuwa ta daki taga. Su kuwa can ƙololuwar bene suke, inda ko tsuntsu sai ya yi niyya.

Tushen abin wani tsohon kuɗin zinariya ne na Rumawa, wanda mijinta Abdulmajid ya sayo mata a kasuwar unguwar Masjid India kafin kulle. Gefe guda kan wani sarki ne da kambin ganye, ɗaya gefen mace mai fukafukai. Walida ta so ta rataya wa 'yarsu Khaulah a wuya, amma ai ba a salla da hoto. Sai ta sa magagari ta goge fuskar sarkin tas. Gyara ta nufa, baiwar Allah.

Tun daga ranar, kowace magariba sai jifa, sai kukan namiji a bayan labule. Khaulah ta daina cin abinci, ta koma shafa kumatunta kamar mai laluben abin da ya ɓace. Walida ta yi addu'a har murya ta dushe. Tsoro ya cika ta, ga ba uwa kusa, ga ba jirgin komawa gida.

Malam Fatihu mai ruƙiyya yana can unguwar Sentul, 'yan sanda kuma sun tare hanya. Dole aka jingina waya da kofi, ya yi karatu ta bidiyo. Bai yi nisa ba yarinyar ta sandare, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta. Ya ce a cikin fuskar nan yake zaune tun zamanin Rumawa, yanzu an rushe masa gida. Malam ya yi masa tayin komawa teku, ya yi masa tayin daji, ya ƙi.

"Fuska aka goge mini, fuska zan ɗauka."

Farcen yarinyar ya fara nutsewa cikin kumatunta.

"Ɗauki tawa," in ji Walida.

Malam ya buɗe baki zai hana ta, hoton bidiyon ya tsaya cak.

"Na karɓa," in ji muryar tsohon.

Khaulah ta yi atishawa, ta farfaɗo, ta faɗa jikin ubanta. Walida ta shafa fuskarta, ta ji komai na nan, ta yi hamdala. Ta miƙa hannu biyu tana hawaye.

Yarinyar ta dube ta, ta laɓe a bayan ubanta.

"Baba, wace ce wannan? Ina Mama ta tafi?"