Tsohon da Aka Sauke daga Keken Nasara

A can zamanin da, mutanen birnin Rum suna da wata al'ada. Duk sarkin yaƙin da ya dawo da nasara, sai a zaga gari da shi a keken doki, a tsayar da wani tsohon bawa a bayansa yana raɗa masa a kunne, "Ka tuna kai ma mutum ne."

Wani sarkin yaƙi ya yi nasara har sau uku. A zagaye na uku, mata na ta guɗa, tsoho ya sunkuyo ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tuna kai ma mutum ne."

Sarkin yaƙi ya juyo a fusace. "Haba baba, kullum magana ɗaya? Ka taɓa ganin an kayar da ni? Sauka!"

Tsoho ya sauka, ya bi keken da ido.

A yaƙi na huɗu, suka tarar kogi ya cika ya batse. Dakaru sun ga haɗarin, amma kowa ya tuna yadda aka sauke tsoho, ya yi shiru. Sarkin yaƙi ya ce a ƙetare. Ruwa ya cinye rabin runduna, har da ɗansa na fari.

Ya dawo gari a ƙasa, ba kiɗa ba guɗa. Ya nemi ɗakin tsoho, sai matar tsohon ta fito ta ce, "Ai ya riga mu gidan gaskiya."

Sarkin yaƙi ya zauna a bakin ƙofa. "Inna, ko ke ki faɗa mini maganar nan tasa."

Ta dube shi ta ce, "Ɗana, ai yanzu ka sani."