Ɗaki Na Huɗu a Masaukin Kiriya Evantiya

Lefteris yana wurga kwaɓin fulawar bugatsa, abin karin kumallon garin, sama yana shimfiɗawa a tebur, har ya yi shara-shara kamar mayafi, sai wata budurwa ta tsaya a ƙofar shagonsa da akwati tana haki. Hawan wannan unguwa ta kan tudu bai taɓa raga wa baƙon Tasalonika, birnin ƙasar Girka, ba.

"Nan ne masaukin Kiriya Evantiya?"

"Sama ne, mahaifiyata ce. Amma ba a wuce ni da yunwa. Mai madara ko mai cuku?"

"Wacce ta fi daɗi?"

Ya ɗago ya dube ta. "Ke 'yar Atina ce."

"Ya aka yi ka sani?"

"Ɗan garin nan ba ya wannan tambayar."

Ya yanka mata mai madara, ya barbaɗa sukari da kirfa. Ta cinye a tsaye, ta ce a ƙaro.

Sunanta Mirto. Aikinta rubutu ne a wani shafin tafiye-tafiye na intanet: ta sauka a masauki, ta ci abincin gari, ta koma ta faɗi abin da ta gani da wani suna daban. Ƙa'idar aikin ita ce kada masu gida su sani, don haka ba ta faɗa ba. Kiriya Evantiya (Kiriya lakabin girmamawa ne a harshensu, kamar a ce uwargida), wadda ta riƙe masaukin ita kaɗai shekara talatin tun rasuwar mijinta, ta ba ta ɗaki na huɗu.

Kwana huɗu ta yi. Kullum da rana Lefteris yana rufe shago ya sauka da ita kasuwar Kapani, ya sa masu zaitun su ɗanɗana mata, ya yi musu da masu kifi don ta yi dariya. Da yamma su bi bakin teku suna kallon jiragen ruwa. Yana ce mata 'Yar Atina, tana ce masa Sarkin Fulawa.

Jirgin ƙasanta bai gama fita gari ba saƙonsa ya shigo:

"Na yanka biyu yau da safe, na manta kin tafi. Ki dawo, 'Yar Atina, kafin in yi ƙiba."

Ta amsa: "Ka ajiye min tawa, Sarkina. Akwai maganar da zan faɗa maka, amma sai mun haɗu."

Ba su kai ga haɗuwar ba. Bayan mako biyu rubutun ya fito, kuma Fotini ce ta kawo shi. Fotini tana da kantin magani a layin, kuma tun tana makaranta Kiriya Evantiya take ce mata "surukata". Fotini ta karanta wa Lefteris da mahaifiyarsa daga wayarta a tsakar shago, a hankali, yadda kowa zai ji.

Rubutun ya ce babu bugatsa a garin kamar ta wannan shago. Ya kuma ce bangon ɗakin yana warin danshi, ruwan wanka ba ya zafi, katifa ta lotsa a tsakiya, kuma mai gidan tana shigowa ba ta ƙwanƙwasa ba. Hoton da aka sa na tagar ɗaki na huɗu ne.

"Macijiya!" in ji Kiriya Evantiya. "Ta ci abincina, ta kwana a zanen gadon da na goge da hannuna!"

A makon, baƙi rukuni biyu suka soke zuwansu. Lefteris ya tura saƙo guda:

"Ashe aiki kika zo yi. Ni ma a cikin aikin nake?"

Ta kira sau tara bai ɗauka ba. Sai ta rubuta: "Na yi laifi da ban faɗa maka da wuri ba. Amma ban yi ƙarya a rubutun ba, ban kuma yi maka ƙarya a bakin teku ba."

Bai amsa ba. Ya san abin da ta rubuta gaskiya ne, domin shekara biyar yana roƙon mahaifiyarsa a gyara bututun ruwan, tana cewa ubansa ne ya sa shi kuma ba za a taɓa shi ba. Fotini ta riƙa zuwa cin abincin Lahadi. Yana zama, yana cin abincinsa, yana tashi.

Cikin watan Nuwamba, ana ruwan sama, Mirto ta dawo. Ba ta tsaya a shago ba, ta hau kicin inda Kiriya Evantiya take naɗe shinkafa a ganyen kabeji. Lefteris ya biyo ta da garin fulawa a hannu.

"Ɗakunana cike suke," in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba.

"Ba ɗaki na zo nema ba, Kiriya. Haƙuri na zo bayarwa a kan ɓoye aikina."

"To ki goge abin da kika rubuta."

"Ki kwana a ɗaki na huɗu sau ɗaya, ki yi wanka da safe. In na yi miki ƙazafi, zan goge, in rubuta a shafin cewa ni maƙaryaciya ce."

"A gidana za ki gindaya min sharaɗi? Lefteris, kana jin ta?"

"Ina ji, Mama." Ya goge hannunsa a riga. "Ni zan kai miki bargo."

Nan ta gane inda ɗanta ya tsaya. Ita kuwa ba ta taɓa gudun ƙalubale ba.

Mirto ta sauka a wani otal kusa da tashar jirgin ruwa. Washegari da safe tana zaune a shago, Lefteris yana aiki yana satar kallonta, Kiriya Evantiya ta sauko da hannu a ƙugu, gashinta a jiƙe, tana atishawa. Ta wuce su ta ɗauki waya.

"Zisis mai gyaran famfo? Yau nake son ganinka, ba gobe ba." Ta ajiye, ta juyo ga Mirto. "Maganar ƙwanƙwasa ƙofa kuma, gidana ne."

"Gidanki ne, Kiriya."

"Ba ki da nama a jiki. Zauna ki ci."

Da ta koma sama, Lefteris ya zauna gaban Mirto. "Kiranki tara na gani. Na goma nake jira."

"Da ka jira har ka tsufa."

"Ki yafe min, Mirto tawa. Ki zauna a garin nan."

"A matsayin baƙuwa?"

"A matsayin matar Sarkin Fulawa."

Ta ce sai ya je Atina ya faɗa wa mahaifinta da bakinsa. Ya je, mahaifin ya ɗan yi mita a kan nisa, sannan ya amince. Fotini ta daina zuwa ranar Lahadi, daga baya ta auri wani likitan haƙori.

An ɗaura auren bayan bikin Ista, a ƙaramar majami'ar da ke jikin tsohuwar ganuwa. Aka ɗora musu kambin aure, suka zagaya tebur sau uku, jama'a na watsa musu shinkafa. A bakin ƙofa Kiriya Evantiya ta kama fuskar amarya da hannu biyu, ta yi tofi sau uku don kawar da mugun ido.

"Ku tsufa tare," ta ce. "Allah ya ba ku 'ya'ya masu lafiya. Ke kuma daga yau kada in ƙara jin Kiriya a bakinki."

"To, Mama," in ji Mirto.