Gadon Ƙarfe na Kasuwar Tasawa

Marigayiya A'i mai ƙuli-ƙuli, wadda muka zauna gida ɗaya da ita a Baudeta, ita ta fara ba ni labarin nan muna ɓarar gyaɗa. Ta ce a gaban idonta aka yi shi, shekara biyu bayan samun mulkin kai, lokacin da gyaɗa ke da daraja, kamyo, babbar motar kaya, ya shiga Tasawa wayam ya fito da buhuna har sama. Ku matso ku ji, ku 'yan matan yanzu da komi kuka gani a kanti sai ranku ya biya.

Lauratu ɗiyar Baudeta ce, ta auri Inusa na wani ɗan ƙauye gabas da garin. Auren so ne. Inusa ba ya da komi sai gona da jaki da hannun aiki. Ɗakin da ya gina mata ƙarami ne, in mutum uku suka zauna na huɗu sai ya tsaya bakin ƙofa. Da cikinta ya tsufa ta fara kukan ciwon baya in sanyi ya sauka, sai ya yi kwana shida yana ɗebo laka daga tabki, ya gina mata gadon ƙasa mai ramin garwashi a ƙarƙashi. Ya shafe shi sumul, har ya yi masa ado da yatsa.

Da yake haihuwar fari ce, gidansu ta tafi wanka. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, Gwaggo Halimatu, yayar babanta, ita ta raine ta, ita kuma ta yi mata wankan jego. A shekarar nan 'yar gonar da Inusa ya yankar mata ta yi gyaɗa sosai. Aka sayar, aka kawo mata kuɗinta, ta ƙulle a lalita.

Da aka yi arba'in, Lauratu ta fara haɗa kayan komawa. Gwaggo ta tsaya a kanta.

"Ba inda za ki sai da gadon ƙarfe."

"Gwaggo, ai ina da gado."

"Wancan tudun lakar? Rakiya ɗiyar Audu da ta auri malamin lakwal, makarantar boko, kin shiga ɗakinta? Ita da me ta fi ki? Kuɗinki ne, guminki ne. Gobe kasuwa, tare za mu."

Kada ku ce Lauratu ba ta son gadon. Tana so. Ta taɓa zama a kan na Rakiya, ta ji ya lotsa da ita ya dawo, ta yi kwanaki tana tuna abin.

A kasuwar Tasawa suka tarar da shi a rumfar wani ɗan kasuwa, Zakari. Kore ne shar, da kawuna huɗu masu sheƙi kamar zinariya, mata sun kewaye shi suna taɓawa.

"Daga Kano ya zo, Inna, kuma shi kaɗai ya rage," in ji Zakari. "Matar wani mai awon gyaɗa ta ce za ta aiko kafin la'asar. Ni dai wanda ya riga shi ke da kaya."

Lauratu ta kai hannu ga lalita, ta janye. Sai ta duƙa, goyo a baya, ta fara auna gadon da hannu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Mata suka kwashe da dariya.

"Zane kike saye ko gado?" in ji wata.

Ta san ɗakinta kamu-kamu, ita ke share shi. Ta miƙe ta ce a hankali, "Gwaggo, ba ya shiga. Sai in an fasa wancan."

"To a fasa mana. Laka ce fa, ɗiyar nan, ba kabarin ubanki ba."

"Bari in ba yaron nan nono tukuna."

Ta nufi gindin tsamiyar da ake ɗaure jakuna, don ta samu ta yi tunani. Sai ga Inusa tsugune kusa da jakinsa, da sabuwar igiya a hannu. Rabonta da shi tun ranar suna. Ya rame.

"Maigida, me ya kawo ka?"

"An ce mini za ki sayi gado. Na ce in kawo jaki, kada ki biya ɗauko." Ya leƙa fuskar jaririn ya yi murmushi. "Na aro diga ma wurin Ishaƙu maƙwabcinmu. Gobe da safe in fasa wancan, kafin ki iso na share wurin."

"Kai ka yarda?"

"Laure, ke kika duƙa kika noma gyaɗar nan da ciki. Ban da bakin hana ki."

"Ba hani na tambaye ka ba. Ranka na tambaya."

Ya murza igiyar ya ce, "Jiya na sa wa gadon ƙasan garwashi, na ce in gwada ko ya tsage. Bai tsage ba. Yana riƙe ɗumi har asuba." Ya kau da kai. "Amma in mata za su yi miki dariya saboda ni, gara in fasa shi da hannuna."

Hawaye suka zubo mata a kan goshin yaron. Ta goge da gefen zane, ta koma rumfa.

"Malam Zakari, Allah ya kawo kasuwa. Ban shirya ba."

"Ki ba da wani abu in aje miki mana."

"A'a. Zuciyata ba ta kwanta ba. In mai aikowa ta aiko, ka ba ta."

Gwaggo ta ja ta suka kama hanyar Baudeta, ba ta ko bari ta koma ta gaya wa Inusa ba. Sai da suka shiga gida, rana ta yi sanyi, ta jefar da mayafi ta zauna bisa turmi, ta fashe da kuka.

"Kin kunyata ni gaban mata. Kin san da me aka kai ni ɗakin miji? Tabarma da ƙwarya biyu. Shekara goma dangin miji suna kira na mai tabarma. Na rantse ɗiyar da na raina ba za ta ji irin wannan ba."

Lauratu ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta.

"Gwaggo, na san don ni kike yi. Amma ke aka kai ki inda ba a so ki ba. Ni mutumin nan ya zo da jaki don ya ɗauko abin da zai sa ya rushe aikin hannunsa. In na bari ya ɗaga digar nan, ta yaya zan iya barci bisa ƙarfen?"

"Daɗin baki ya yi miki. To ki ji, in kika fita gidan nan ba gado, ba ni raka ki. Ki tafi ke kaɗai kamar wadda ba ta da kowa."

Ku da ba ku sani ba, a lokacin mai jego ta koma ɗakinta ba rakiya, ba ƙaramin abin kunya ba ne. Gari duka sai ya ɗauki maganar.

Gadon ƙarfen kuwa Lauratu ta same shi daga baya. Ta sayi akuya biyu da kuɗin, suka hayayyafa, bayan damina biyu Inusa ya gina mata babban ɗaki kusa da ƙaramin, aka sa gadon ƙarfe ciki ba a fasa komi ba. Kuma A'i ta ce duk sanda Gwaggo ta zo a lokacin ɗari, a kan tudun lakar nan take kwana. Shi ya sa nake gaya muku, jikokina: abin da za ki saya, in zuciyarki na rawa, mai da hannunki. Kasuwa za ta sake ci. Kada idon mutane ko gaggawar mai kaya su sa ki rushe abin da mai sonki ya gina miki. Ki yi haƙuri, abin da yake naki yana nan zuwa.

Amma a ranar Lauratu ba ta san da wannan duka ba. Da gari ya waye ta share tsakar gida, ta dama wa Gwaggo kunu, ta durƙusa bakin ƙofarta ta ce a yafe mata. Ba a amsa ba. Ta goya ɗanta, ta ɗauki ƙunshin kayanta, ta kama hanyar gabas da sauri, don ta riga digar. Ta kai wajen rijiyar bayan gari ke nan ta ji takun mutum a bayanta da haki.

"Ke, rage sauri, ƙafata ba irin taki ba ce. Kuma gyara wa yaron nan wuya, haka na koya miki goyo?"

Lauratu ta tsaya, ta gyara goyon, ta karɓi ƙwaryar da ke kan Gwaggo ta ɗora bisa kayanta, suka ci gaba.