Wadda Ke Rubuta Mugun

A cikin lif suka fara ganin juna, kuma ba da son ransu suka daɗe suna kallon junan ba. Lif ɗin kamfanin buga littattafai ne ya tsaya cak tsakanin hawa na biyu da na uku, ya riƙe su minti arba'in. Ita yarinya ce siririya da kowa ke kira Auta. Shi kuwa dogo ne mai tabarau, ya rungume fayil a ƙirji kamar za a ƙwace masa.

Da shirun ya ishe shi, ya share gumi ya ce, "Da a littafi ne, yanzu jami'in bincike zai gano wanda ya tsayar da lif ɗin nan."

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Da a littafi ne, wanda ya tsayar da shi yana ciki tare da kai."

Dogo ya juyo ya dube ta da kyau. Fuska ce ta salihai, irin wadda ko yatsa ka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Ya ɗan matsa gefe. Ita kuma ta danne dariyarta da gefen mayafi.

Ashe ofis ɗaya za su. Edita, wata mata mai faɗa da fara'a a lokaci guda, ita ta kira su. Ta ajiye rubutunsu gefe da gefe a kan tebur.

"Kai, Sufeton naka yana da kai, amma mugun naka ko yaro ba zai tsorata ba. Ke kuma mugunki ya hana ni sukuni kwana uku, amma 'yan sandanki duk sakarkaru ne. To ni ba ni da lokacin gyara mutum biyu. Ku haɗu ku zama ɗaya."

Haka aka haifi jerin littattafan Mai Safar Hannu, sunan mugun ke nan. Tsarin aikinsu kuwa ba a taɓa jin irinsa ba. Auta za ta rubuta babin mugun, ta ƙarasa da jefa Sufeto cikin tarko, ta tura wa Dogo ba tare da ta gaya masa mafita ba. Mako guda gare shi ya fitar da mutuminsa, ya kuma matse nata mugun a lungu, ya maido mata. Ba shawara, ba roƙo. Sunan alƙalami guda aka sa a bango, na namiji, aka kuma rubuta a yarjejeniya cewa ba wanda zai ji su biyu ne. Auta da kanta ta nemi a sa wannan sharaɗin, saboda Baba.

Baba tsohon alƙali ne. Tun da Mama ta rasu, yayyenta duk suka yi aure, gidan ya rage daga shi sai ita. Ita ke haɗa masa shayi, ita ke ƙirga masa ƙwayoyin magani, ita ke nemo masa tabaransa da kullum ke saman kansa. In baƙi sun zo yakan nuna ta ya ce, "Wannan tun da aka haife ta ban ji ta ɗaga murya ba. Zuciyarta fara ce tas." Shi a saninsa gyaran kurakuran rubutu take yi wa kamfani. A ɗakinta mai tagar ƙarfe take zama ta tsara yadda za a ɓatar da gawa, kunnenta na kan ƙofa. Da ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa a baranda, sai ta rufe kwamfuta ta ɗauki tsintsiya.

To kun san zuciya. Mutumin da kake ɗaure wa tarko duk mako, yana kwancewa yana ɗaure maka, ai sai ka san shi fiye da ɗan uwanka. Kafin littafi na uku ya fita, saƙonninsu sun canza launi.

"Muguwata, kin kulle Sufeto a motar da ke nutsewa a ruwa, kin kuma ɗaure masa hannu. Ke ba kya tsoron Allah?"

"Ɗan sandana, na bar maka fil ɗin agogonsa. Ka gode."

"Na gode. Kin ci abinci?"

"Ban ci ba."

"Tashi ki ci. Ba na son mugun da ke jin yunwa, ya fi ɓarna."

Sai ga kamfanin fim ya zo yana son littattafan. Su kuma 'yan fim ba sa aiki da marubucin da ba shi da fuska. Edita ta tura Dogo gaba, tunda sunan na namiji ne. Aka fara gayyatarsa hira a talabijin. Ranar da aka fara nuna fim ɗin farko, da yamma, Auta ta zauna a layin ƙarshe da katin ma'aikaciya a wuya. Ta ji maganganun da ta rubuta a ɗakinta suna fitowa daga bakin ɗan wasa, zauren ya yi tsit, wata mata a gabanta ta damƙe hannun mijinta. Da aka kunna fitilu aka tashi ana tafi, Dogo aka kira. Jarumar fim ɗin ta tsaya daf da shi ana ɗaukar hoto, tana dariya har da dafa masa kafaɗa. Mai gabatarwa ya tambaye shi ko shi kaɗai ya yi wannan aiki.

"Ni kaɗai," in ji Dogo, yana duban ƙasa.

Ita ta tsara ya faɗi haka. Amma duk da haka abin ya ci mata rai. A makon nan ta kulle Sufeto a ɗakin sanyi na mayanka, ba taga, ba fil, ba komai.

Kwana huɗu sai ga saƙo.

"Muguwata, ɗakin nan ba ƙofa. Na duba ko'ina. In hoton nan ne, wallahi kafaɗar ma na ji kamar ba tawa ba. In kuma maganar da na yi ce, ke kika sa ta a bakina, kuma har yau ɗacinta bai bar ni ba. Ni na gaji da zama mutum ɗaya da ke a bangon littafi kawai. Ki ba ni izini in zo in gaida Baba."

Ta karanta sau biyar. Ta amsa, "Akwai bututun iska bayan ƙugiya ta uku. Ka zo ranar Asabar."

Ya zo cikin shiga ta mutunci, ya durƙusa ya gaida Baba a falo. Auta ta laɓe bayan labule. Abin da ba ta yi lissafi da shi ba shi ne, Baba ya karance littattafan nan huɗu, ya kuma kalli fim ɗin har sau biyu.

"Kai ne marubucin?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ka rubuta wurin da Mai Safar Hannu ya je yi wa tsohuwa ta'aziyyar ɗanta da shi ya kashe, har ya gyara mata matashin kai?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Baba."

Baba ya cire tabarau ya ajiye. "Yaro, shekara talatin ina zaune masu laifi na wucewa ta gabana. Na san wanda ya ji labarin mugunta, na san wanda ya san ta daga ciki. Wanda ya rubuta wannan babin, akwai ɗaki mai duhu a zuciyarsa. Littafinka ya yi kyau, ban hana ka ba. Amma 'yata ba za ta kwana gida ɗaya da mai wannan tunanin ba. Tashi ka je, Allah ya haɗa ka da rabonka."

Dogo ya yi godiya ya fita, bai ko kalli labulen ba.

Makonni shida Auta ba ta rubuta layi ɗaya ba. Edita na kira tana faɗa, 'yan fim na jiran littafi na biyar. Baba bai sake tayar da maganar ba, sai ma ƙarin tausasawa da ya yi mata, yana cewa ta yi haƙuri, ya tsare ta ne daga abin da ba ta sani ba. Da ma faɗa ya yi mata, da ta sami abin yi wa kuka. Takan zauna ta zuba wa ƙarafan tagarta ido. In ta yi shiru ta rasa Dogo. In ta yi magana, irin kallon da Baba ya yi masa ita zai yi wa, kuma a duniya ba ta da wani wanda ke ganinta fara tas sai shi.

Dogo ya turo: "Edita ta ce in je in gaya wa Baba gaskiya. Na ce ba nawa ba ne da zan faɗa. Ki ɗauki lokacinki, Muguwata. Ina nan."

Wannan saƙon ne ya ƙarasa ta. Washegari da safe ta ajiye wa Baba shayinsa, ta durƙusa.

"Baba, babin ta'aziyyar nan ni na rubuta. Duk babin mugun nawa ne. Shi Sufeto kawai yake rubutawa."

Baba ya dube ta da tausayi. "Auta, na ga mata da yawa sun tsaya gabana suna ɗaukar laifin namiji. Ba ki iya ƙarya ba, kar ki fara yanzu."

"Wallahi Baba..."

"Bar rantsuwa. Kira shi. Ni ba na yanke hukunci sai da shaida."

Da Dogo ya iso, Baba ya ba kowannensu takarda da biro, ya sa ɗaya a falo, ɗaya a teburin cin abinci. Ya ce su rubuta masa Mai Safar Hannu yana rarrashin mai gadin da ya gan shi, awa guda. Shi kuma ya zauna tsakani da sandarsa a cinya.

Auta ta ɗauki biro. Ta san in ta rubuta abu sama-sama, Baba zai ce soyayya ce ta sa ta ƙarya, ya yafe mata, ta koma Autarsa yadda take. Ta ɗaga kai ta hango Dogo yana cizon biro yana gumi, bawan Allah, yana ƙoƙarin zama mugu don ya rufa mata asiri. Sai ta sunkuyar da kai ta saki hannunta gaba ɗaya.

Baba ya fara da na Dogo. Bai kai rabi ba ya ɗago. "Kai, mugun naka haƙuri yake ba mai gadin? Har da tambayar lafiyar iyalinsa da zuciya ɗaya?"

"Na yi iya ƙoƙarina, Baba."

Ya ɗauki na Auta. Ya karanta, ya koma farko ya sake. Ya ajiye takardar ya dube ta.

"A ina kika san wannan?"

Hawaye suka zubo mata. "Ina ƙarama in ka dawo daga kotu kana ba Mama labari, ina bayan ƙofa ina ji. Bayan ta rasu kuma, duk tsoro da fushin da ke cina ban da inda zan kai su. Kai kana cewa ba na ɗaga murya, ni kuma ba na son in ƙaryata ka. Sai na ba mugun su, shi yana ɗauka."

Baba ya share idonsa da bayan hannu. "Shekara talatin ina taƙama ba na kuskuren karanta mutum. Ga wadda ke zuba mini shayi kullum, ban karanta ta ba. Zo nan." Ta matso, ya dafa kanta. "Wanda ya zuba duhunsa a takarda ya bar mutane lafiya, ai ba mugu ba ne. Ni na matse ki, 'yata. Ki yafe mini."

Sannan ya juya ga Dogo. "Kai kuma ka zauna a falona na wanke ka tas a kan abin da ba ka yi ba, ka ce na gode. Ba ka jin tsoronta?"

"Duk mako, Baba."

Baba ya yi dariyar da gidan ya daɗe bai ji ba, har da tari. "To ka turo manyanka."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Yayyenta suka cika gidan da hayaniya, Edita ta zo da kyauta a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma tana nuna musu ranar da take son littafi na biyar. Da aka zo tafiya da amarya, Baba ya kama hannun Auta ya daɗe yana sa mata albarka. Sai ya jawo Dogo gefe, ya rage murya yadda kowa zai ji.

"Ga ta nan, amana na ba ka. Ka riƙe ta da kyau. Kai ma dai Allah ya tsare ka."

Aka kwashe da dariya, amarya na kuka tana dariya a cikin mayafi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa duk wani tarko da zai shiga tsakaninsu ya tsaya a kan takarda. Amin.