Gobarar Bakin Auta

Tun ranar da Malamar Hausa ta koya wa 'yan aji biyar adon harshe, bakin Auta bai sake hutawa ba.

Idan Yaya ya yi minshari, sai ta ce, "Yaya kamar injin niƙa." Wannan kamance ke nan. Idan ƙofa ta yi ƙara, ta ce ƙofa tana kuka, wai mutuntarwa. Amma wadda ta fi kwanta mata a rai ita ce kambamawa, wato a ɗauki ƙaramin abu a hura shi ya zama ƙato.

Wata Asabar Mama ta ɗora tukunya, ta shiga wanka. Tsumman da ke gefen murhu ya kama wuta. Yaya ya take shi da takalmi, wutar ta mutu, sai ɗan hayaƙi.

"Auta, je shago ki ce Baba ya ba da wani ƙyalle, wannan ya ƙone," in ji Yaya.

Baba tela ne, shagonsa yana bakin titi. Auta ta same shi yana goge rigar wani mutum.

"Baba! Wuta ta cinye kicin ɗinmu ƙurmus! Hayaƙi ya rufe sama!"

Baba ya saki dutsen guga, ya fita a guje ko takalmi babu. Maƙwabta suka biyo shi da bokitai. Wani bai tsaya tambaya ba, ya sheƙa ruwa cikin tukunyar Mama. Tsohon da ke gidan kusa ya zame a ƙofa, ya gurɗe ƙafa.

Mama ta fito tana share fuska. "Lafiya? Me ya faru?"

Da Baba ya koma shago, ya tarar dutsen guga ya huda rigar mutane. Ya dawo gida idonsa jajawur.

"Ke! Ƙarya muke tura ki makaranta ki koyo?"

"Ni ban yi ƙarya ba!" Auta ta murguɗa baki. "Kambamawa ce! Da na yi irinta a aji har tafa mini aka yi."

"Au, tafi kike jira? Ga tsoho can kwance, ga abinci ya lalace!" in ji Mama.

Auta ta shige ɗaki tana huci. Ita a ganinta an zalunce ta. Ran Litinin ta kai ƙara wurin Malama.

Malama ta saurare ta tsaf, fuskarta ba dariya.

"Idan kika rubuta a waƙa cewa hawayenki sun cika kogi, akwai wanda zai kawo kwalekwale?"

"Babu, Malama. Kowa ya san ado ne."

"To, Babanki ya san ado ne lokacin da ya fita ba takalmi?"

Auta ta tuna yadda Baba ya fita a guje. Sai ta ji kunya ta rufe ta.

"Magana zarar bunu ce," in ji Malama. "Adon harshe na waƙa ne da labari da raha. Idan aka aike ki, ko ana batun haɗari, faɗi abin yadda yake."

Da aka tashi, Auta ta durƙusa gaban Baba da Mama ta ba su haƙuri. Ta je ta gai da tsoho, ta riƙa ɗebo masa ruwa har ƙafarsa ta warke. Baba ya ɗinka wa mai riga sabuwa, Auta ce ta sa maɓallai.

Ba ta daina adon harshe ba. A ƙarshen zango waƙarta ce ta zo ta ɗaya, Baba ya fi kowa tafi. Amma ta riƙe darasinta: kowace magana da muhallinta, saƙo kuwa gaskiya tsantsa yake so.