Kare Mai Haƙoran Uwarsa

A wani zamani can, an yi wani mafarauci mai karya ɗaya. Haƙoranta jajaye ne, suna marmashewa kamar tsohuwar katanga. Ta haifi kwikwiyo guda, ta mutu. Da kwikwiyon ya girma, mafarauci ya buɗe bakinsa ya duba, sai ya ga haƙoran uwarsa sak.

In an dawo daga farauta, ƙashi ake jefa wa karnuka. Kowane kare ya ɗauki nasa ya gurgura. Wannan kuwa sai ya lasa ya bari, kullum ya lasa ya bari, har haƙarƙarinsa suka fito.

Wata rana sarkin dawa, shugaban mafarauta, ya ce, "Karen da ba ya riƙe zomo, a daji muke barinsa. Gobe in ka dawo da shi, ba ka cikinmu."

Mafarauci ya ce, "Ranka ya daɗe, ba shi ya zaɓi bakinsa ba. Gado ne."

"Na faɗa maka."

Washegari mafarauci ya kai karen gindin wata tsamiya a daji, ya juya. Karen ya biyo shi. Ya kore shi, ya biyo shi. Ya ɗauki dutse, karen ya zauna yana kaɗa wutsiya. Sai ya yar da dutsen, suka kamo hanyar gida.

A gida ya jawo turmi, ya zuba nama, ya hau daka. Matarsa ta yi dariya, ta ce, "Maigida, yau kai ne da taɓarya? Da wa za ka yi farauta yanzu?"

Ya ce, "Da shi. Miƙo romo."

Ran nan karen ya ci har ya ƙoshi.