Rubutun Hannun Baba

"Wata shida, Auta. Ba kira, ba saƙo, ba tsayuwa a ƙofar gida."

Auta ta ɗago a razane. "Baba, wata shida fa?!"

"Shari'ar zaɓe aka ba ni, yaron naki kuma yana cikin lauyoyin mai ƙara. Ke ce mai buga mini hukunci. Kin gane ai."

Ta gane. Rubutun Baba jagwalgwalo ne, duk duniya ita kaɗai ke iya karanta shi. Ta share hawaye, ta tura wa Dogo saƙo na ƙarshe: "Sanyin idona, ka jira ni..."

Kullum sai ta zauna a bencin baya na kotu, fanka na juyawa a hankali, ana ta musu kan akwatunan ƙuri'a, ita kuwa tana can tana zaɓen labulen ɗakinsu. Da Dogo ya miƙe ya gyara baƙar rigarsa, sai zuciyarta ta narke. Bai taɓa waiwayowa ba, ɗan rainin hankali!

Gari ya ɗauki zafi. Manya suka yi ta kiran Baba, wasu da lallashi, wasu da barazana, har ya kashe wayarsa.

Saura kwana uku a yanke hukunci, ta buga shafin ƙarshe. Su Dogo sun faɗi. Ta yi kuka har ta gode Allah. Anya zai ƙara kallon 'yar alƙalin da ya kayar da shi?

Washegarin hukunci da la'asar aka yi sallama. Dogo ne, ya rame, ya durƙusa a gaban Baba.

"Ranka ya daɗe, wata shida sun cika jiya."

"Ka yarda da hukuncina?"

"Ban yarda ba, Baba. Za mu ɗaukaka ƙara."

Auta na laɓe a bayan labule tana ji. Shi ke nan, ya ɓata komai!

"Auta! Ya taɓa tambayarki abin da kike bugawa?"

"Ko sau ɗaya, Baba..."

Baba ya cire tabarau, ya dubi Dogo.

"Masu jiniya sun neme ni ta kowace ƙofa. Kai da ƙofarka ta fi kusa, ba ka ƙwanƙwasa ba. Je ka ɗaukaka ƙararka, ɗana. Amma ka fara turo min iyayenka."